Yadda Ake Saka Bayani a Shafin Cikin Gida na Ma'aikata

A ce kamfaninku na sayen shinkafa shanshera yana da babban ofishi a Birnin Kebbi, da rassa a Argungu, Jega da Yawuri. Farashin buhu ya canza da hantsi, amma mai awo a Yawuri bai ji ba sai la'asar, don saƙon ya nutse a WhatsApp tsakanin gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure. Don irin wannan ake gina shafin cikin gida, wanda ma'aikaci kaɗai ke shiga da sunansa da lambar sirri. Da yawa a kan manhajojin gina shafi, SharePoint na Microsoft ko WordPress, ake ɗora shi.

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, raba izini. SharePoint yana zuwa da rukuni 3: masu shafi, mambobi masu gyara, sai baƙi masu karatu kawai. Yawancin ma'aikata a rukuni na uku ya kamata su zauna. A WordPress akwai matsayin wanda zai rubuta amma ba zai iya wallafawa ba, sai edita ya duba. A ganina nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Idan aka ba kowa cikakken izini don gudun ɓacin rai, wai kada Alhaji na reshen Jega ya ga an raina shi, ranar da farashi biyu suka bayyana a shafi ba wanda zai amsa laifi.

Sai ka buɗe sabon shafi, ka ajiye shi a matsayin daftari. Kanu ya faɗi abin da ke ciki. "Sanarwa" ba kanu ba ne. Rubuta "Sabon farashin shanshera daga Litinin, duk rassa". Layin farko ya ɗauki abin da ake so a yi, da wanda zai yi, da ranar. Gaisuwa da dogon sharhi su biyo baya, in ma akwai buƙatarsu.

Kada ka ɗauki hoton takardar da aka manna a bango ka ɗora. Ba ta gyaruwa, kuma ba lallai akwatin bincike ya gano ta ba. Buga rubutun da hannunka. Idan tana da sa hannu da hatimi, ka haɗa ta a ƙasa a matsayin PDF. Hotuna kuwa ka rage musu nauyi, domin wanda ke fadama da sabis layi ɗaya ba zai tsaya jiran hoto ba.

Duba daftarin a waya, tunda da ita mutanenku za su karanta. Daga nan ka tura wa mai amincewa, wanda dole ya zama wani ne daban. Shi zai tabbatar da alƙaluma, ya kuma ga cewa ba lambar NIN ko BVN ko albashin wani a fili. Tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan mutane, saboda haka irin waɗannan a killace su inda sashen ma'aikata da na kuɗi kaɗai ke shiga.

Idan farashi ya sake canzawa, gyara shafin nan dai, kada ka buɗe wani. Duka manhajojin biyu suna ajiye tarihin gyare-gyare, kana iya komawa ga na jiya. Abin da aka goge bisa kuskure yana zama kwana 93 a kwandon shara na SharePoint na intanet, a WordPress kuma kwana 30 idan ba a sauya saitin ba.

A ƙasan kowane shafi rubuta ofishin da ke da alhakinsa da ranar da za a sake duba shi. Wanda lokacinsa ya wuce, kamar jadawalin sayen shinkafar rani bayan damina ta sauka, a mayar da shi ma'ajiya. Ma'aikacin da ya bar aiki kuwa, a rufe asusunsa na shiga shafin a ranar, a miƙa shafukansa ga wanda ya gaje shi.