Darasi na 6: Canza bel ɗin injin wanki

Idan kun kunna injin wanki kuka ji moto yana aiki amma durom, wato inda ake zuba kaya, bai juya ba, galibi bel ɗin da ke haɗa moto da durom ne ya tsinke ko ya sauka. Wannan darasi na injin da ake zuba wa kaya ta gaba ne, mai zagayayyiyar ƙofa. Idan naku LG ne da aka rubuta wa Direct Drive, ba shi da bel, kada ku buɗe shi.

Mataki na 1. Ku zare filogi daga bango. Kashe makunni bai wadatar ba. Kada wani ya ce mini ai an ɗauke wuta. A Jos ɗin nan wuta ba ta sallama in za ta dawo. Ku rufe famfo.

Mataki na 2. Ku jawo injin gaba, ku kwance sukurorin murfin baya da sukundireba, ku zuba su a kofi. Za ku ga fuli biyu, wato ƙafafun da bel ke zagayawa a kansu. Babba yana sama, jikin durom. Ƙarami yana ƙasa, jikin moto.

Mataki na 3. A bayan tsohon bel akwai lamba, misali 1270 J5. 1270 tsawonsa ne a milimita, 5 kuma yawan layukan cikinsa. Ku kwafe ta a takarda, ga amfanin karatun da muke yi. Ku tafi da takardar da tsohon bel ɗin wajen masu kayan gyara a Terminus ko Dilimi. Sabon zai yi kamar ya fi gajarta. Haka yake, tsohon ne ya saki.

Mataki na 4. Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ƙaramin fuli ake fara sa wa bel. Gefe mai layi-layi yana ciki, mai santsi da rubutu yana waje. Layukan bel su zauna cikin tsagin ƙaramin fuli, daidai wurin da tsohon ya goge yana sheƙi. Sai ku ɗora bel a bakin babban fuli iya inda ya kai. Ba zai hau duka ba, kuma ba a so ya hau. Ku danne shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya juya babban fuli sannu a hankali. Juyawar ce ke hawar da shi.

Mu sake. Ƙarami tukuna. Ɗora a bakin babba. Danne. Juya.

Idan ya zame, ba komai, har masu gyara yana zame musu. Ku koma kan ƙarami. Idan hannu ya gaji, ku ɗaure bel ɗin a bakin babban fuli da 'yar igiya, ku juya, in ya hau ku yanke igiyar. Ku kula da yatsu kada su shiga tsakani.

Iyayena da 'yan'uwana, na sha faɗin wannan a aji, amma har yau sai na ga mutum ya fara da babba, sannan ya ɗauko sukundireba yana ɓanɓarar bel. Haba! Haka ake yaga sabon bel, kuɗi su tafi a banza. Ƙarfi ba ya sa bel. Ƙarami tukuna, sannan a juya babba. Ku faɗa da baki kafin ku taɓa.

Mataki na 5. Ku juya fuli da hannu sau 3. Bel ya tsaya a tsakiya.

Mataki na 6. Ku mayar da murfi, ku buɗe famfo, ku sa filogi, ku gwada injin ba kaya a ciki.