Darasi na 7: Allura a Kan Ruwa

Iyaye, wannan aikin da yaranku za ku yi shi a gida. Ku samo kwano, ruwa, allurar ɗinki, tsinken tsintsiya, da guntun takarda mai laushi irin ta goge hannu. Allurar ta zauna a hannun babba.

Ku wanke kwanon, ku ɗauraye shi sau 3, ko ƙanshin sabulu kada ya rage. Ku zuba ruwa, ku jira ya kwanta.

Ku shimfiɗa takardar a kan ruwan. Ku goge allura ta bushe sarai, sannan ku kwantar da ita bisa takardar. A kwance, ƴan uwa. Sai ku sa tsinke ku danna gefen takardar sannu sannu har ta nutse. Gefen takarda kawai, kada tsinken ya taɓa allura. Takarda za ta tafi ƙasa ta bar allura a sama.

Allurar ta nutse? Ba komai, kowa da haka ya fara. Ku ciro ta, ku goge ta da haɓar zane, ku kwantar da ita kan sabuwar takarda. Jiƙaƙƙiyar allura nutsewa take yi. Ku goge ta.

Haba jama'a! A ajinmu na Tawa kullum nan ake tuntuɓe. Wani ya ciro allura tana ɗiga ya mayar, ya ce littafi ya yi ƙarya. Wata ta soka ta a tsaye. Mun ce busasshiya, mun ce a kwance. Gaggawar me ake yi?

In ta zauna, a ce wa yaro ya sunkuya ya duba ta gefe. Zai ga ruwan ya ɗan lotsa a ƙarƙashinta. Ƙarfe ya fi ruwa nauyi kusan sau 8, amma ruwan da ke sama yana riƙe da juna, kamar yanar da kunu ke yi in ya huce, sai dai ido ba ya ganin wannan. A kanta ƙananan ƙwari suke yawo bisa tafkin Tabalak.

Darasi na 8: Sabulu

Ku shafa sabulu a bakin tsinke, ku taɓa ruwan kusa da allura. Za ta nutse, don sabulu yana rage riƙon. Kafin a sake, a ɗauraye kwano.

Darasi na 9: Dala

Ku ɗiga ruwa kan tsabar kuɗi ta dala ɗaya, ɗigo ɗigo. Yara su ƙirga har ya zube.