Yadda za a yi wa dattijo kwalliyar da yake so ba tare da ta ci karo da maganinsa ba

Mai aiki a gidan kula da tsofaffi ya fara duba takardar magungunan dattijo kafin ya ɗauki reza, sannan ya tambaye shi yadda ya saba gyara jikinsa. Takardar ba ta hana kwalliya, abin da take nunawa shi ne kayan aikin da suka dace.

Idan yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko apixaban, ƙaramin yanka a haɓa yana iya daɗewa yana zubar da jini, saboda haka a ajiye reza a ɗauko injin aski. Wanda ya shekara hamsin yana aske fuskarsa tas zai ji injin bai kwashe masa da kyau ba, kuma yana da gaskiya. A bayyana masa dalili, a riƙe masa madubi, a bar shi ya nuna inda za a sake bi. Farcen ƙafar mai ciwon sukari kuwa aikin ma'aikacin lafiya ne.

Filastar fentanyl, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi da ake mannawa a fata, wadda ake sauyawa duk bayan awa 72, ita ce ta fi buƙatar kula. Zafi yana sa maganin ya shiga jini fiye da kima har numfashi ya yi rauni, don haka mai son wanka da ruwa mai tururi sai a sirka masa shi ya zama ɗumi. Ba a shafa mai a wurin da za a manna ta, kuma idan akwai gashi, da almakashi ake rage shi, ba a askewa.

Man shafawa ma yana da nasa haɗarin. A shekarar 2018 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa man da ya jiƙa tufafi da zanen gado yana sa su saurin kama wuta. Tsohuwar da ba ta rabuwa da turaren wuta a sauya mata da wanda ba ya buƙatar wuta, musamman idan akwai tulun iskar numfashi a ɗakin. Mai son jan farce mai duhu a bar mata yatsa ɗaya ba a shafa masa ba, domin launin yana iya rikita na'urar auna iskar jini.

Idan dattijo mai cikakken hankali ya dage a kan zaɓinsa bayan an yi masa bayani, kada a yi jayayya da shi. A sanar da nas, a rubuta abin da ya zaɓa a cikin tsarin kulawarsa.