Jak ɗin Sauke Giyabos a Gida: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Tambayar da mai shirin sauke giyabos a gida ya fi farawa da ita ita ce: tan nawa jak ɗin yake ɗauka? Daga nan kuskuren yake somawa. Giyabos na ƙaramar mota mai giyar hannu bai cika wuce kilo 35 zuwa 50 ba. Na otomatik yakan kai kilo 70 zuwa 100. Na manyan motoci masu ja da ƙafa huɗu kuwa, in an haɗa da akwatin raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, wanda ke manne a bayansa, yana iya haura kilo 120. To jak mai taya na tan 2, wanda yake cikin mafi ƙanƙanta, kilo 2,000 aka rubuta a jikinsa. Ka ga ke nan nauyi bai zama abin damuwa ba.

Abin damuwar shi ne giyabos ba shi da shimfiɗaɗɗen gindi, nauyinsa ya karkata gefe guda, jikinsa duk maiƙo ne, kuma kana kwance kusa da shi a lokacin da zai rabu da inji. Saboda haka abu uku ake dubawa a jak: yadda zai riƙe kayan, yadda zai sauko da shi a hankali, da tsayinsa idan ya kwanta ƙasa gaba ɗaya.

Ɗora giyabos a kan ɗan faifan jak

Faifan da ke kan jak mai taya an yi shi ne don ya tokare wuri ɗaya mai ƙarfi a ƙasan mota. Faɗinsa a ƙananan jak bai fi santimita 5 ko 6 ba, a manya kuma wajen 10 zuwa 12. Muddin giyabos yana ɗaure da inji za ka ga kamar ya zauna daram a kai. Da zarar ya zame daga 'yan sandunan da ke daidaita shi da inji, sai ya juya zuwa inda nauyinsa ya fi yawa, kuma babu hannun da zai tare kilo 80 mai santsi daga kwance.

Gyaran iri uku ne. Mafi kyau shi ne jak ɗin giyabos na ƙasa, mai faffaɗan faranti da ƙafafu huɗu masu juyawa. Akwai mai almakashi da ake murzawa da sifana, wanda galibi yake ɗaukar kilo 200, akwai kuma mai aiki da mai na kilo 500. Na biyu shi ne farantin da ake sayarwa daban: a cire faifan jak ɗin da kake da shi, a zura sandar farantin a ramin. Kafin ka saya, cire faifan ka auna ramin. Da yawa daga cikin farantan nan sandarsu wajen milimita 30 ce, amma jak da dama raminsu bai kai haka ba, wasu ma faifan nasu ba ya ciruwa. Farantin da yake girgiɗi a cikin rami ya fi rashin faranti hatsari, domin yana sa mutum ya saki jiki.

Na uku shi ne shimfiɗar katako ta gida, ga giyabos mara nauyi kawai. Katako mai kaurin milimita 18 ko fiye, wajen santimita 30 a faɗi da 40 a tsawo, a ɗaure shi da noti a ramin faifan jak, ba a aza shi kawai ba. Sannan a kafa masa 'yan guntayen katako a gefe da gefe su bi siffar gindin giyabos ɗin. Kowanne ka zaɓa, sai an ɗaure giyabos da sarƙa ko bel ɗin ɗaure kaya mai maƙalli, a zagayo ta ƙarƙashin farantin, kafin a kwance ƙusa ta ƙarshe. A lura kada bel ɗin ya danne waya, bututun mai ko filogin na'urar giya.

Kada kuma a yi kuskuren sayen dogon jak ɗin giyabos mai tsaye kamar turmi. Wannan na garejin da ke da rami ne ko na'urar ɗaga mota sama. Ko ya sauka ƙasa tsaf yakan kusa mita ɗaya, ba zai shiga ƙarƙashin motar da ke kan ƙafafun tokare ba, wato tsayayyun ƙafafun ƙarfe da ake ɗora mota a kai bayan an ɗaga ta.

Rashin lissafin tsayi

Wannan ne kuskuren da ya fi cin rana guda ta aiki. An kwance komai, giyabos ya sauko lafiya, sai a ga ba zai fita daga ƙarƙashin mota ba, bakinsa yana tokarar ƙarfen gefe. Ga shi ɗaure a kan jak ɗin, jak ɗin da za a ƙara ɗaga motar da shi kuma shi ne ke ƙarƙashinsa.

Lissafin ba shi da wuya, a yi shi da tef kafin a taɓa sifana. Auna tsayin jak idan ya kwanta: ƙananan na tan 2 wajen santimita 13 ne, masu ƙasa-ƙasa na tan 3 kuma 8 zuwa 10. Ƙara kaurin faranti, wanda yakan ci santimita 10 ko fiye. Ƙara tsayin giyabos a bakinsa mai faɗi inda yake haɗuwa da inji, yawanci santimita 35 zuwa 45. Ƙara 5 na rata. Jimillar takan faɗa tsakanin santimita 60 da 70, kuma wannan shi ne sararin da ake buƙata daga daɓe zuwa mafi ƙasan ƙarfen da giyabos zai bi ta ƙarƙashinsa.

Yanzu dubi kayan da ke hannunka. Ƙafafun tokare na tan 3 sukan tsaya a wajen santimita 42. Na tan 6 su ne ke kaiwa kusan 60, kuma gindinsu ya fi faɗi, abin da ake so idan mota ta yi sama sosai. Ƙaramin jak na tan 2 kuwa ɗagawarsa ba ta cika wuce santimita 34 ba, don haka ko motar ba zai kai ta inda ake so ba, balle ya miƙa ya taɓo gindin giyabos bayan ta hau. Nan ne amfanin babban jak na tan 3 yake: yana kaiwa wajen santimita 50, gindinsa yana da faɗi, ba ya saurin kifewa.

In sararin bai isa ba, akwai dabara mai tsafta. Sauko da jak har ƙasa, kwance bel, ku biyu ku zamo da giyabos a hankali kan kwali mai kauri ko falanki, sannan a jawo shi waje. A motar da inji yake a gicciye, sau da yawa ta wurin tayar gaba yake fita, inda sarari ya fi yawa bayan an cire taya. Abin da ba a yi shi ne jibga katako a kan faifan jak don a ƙara masa tsayi.

Barin mota a kan jak, ko a kan bulo

Jak na ɗagawa ne. Abin da ke riƙe da nauyin motar a cikinsa 'yar roba ce da ɗan bawul, kuma ba sa sallama kafin su saki. Sauke giyabos aiki ne na girgiza da fizga, wani lokaci da banƙara da ƙarfe, don haka motar ta zauna a kan ƙafafun tokare, a wuraren da littafinta ya nuna. Duba rubutun jikinsu da kyau, domin da yawa nauyin da aka rubuta na guda biyu ne a haɗe. Bulo da tubali suna farfashewa lokaci guda, kada su shiga wannan aikin ko kaɗan.

A sa waigi gaba da baya a tayoyin da suka rage a ƙasa, a ja birkin hannu. A motar da ke ja da baya, da zarar an cire farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin baya, giyar fakin ta daina riƙe tayoyi, ko da sandar giya tana kan P. Kafin ka shiga ƙasa, kama motar ka jijjiga ta da ƙarfi. In ta motsa, a sake zama.

Manta cewa jak yana tafiya

Hannun jak mai taya ba ya hawa sama ɗoɗar, baka yake yi. Yayin da yake sauka, faifan yana matsawa gaba, tayoyin jak ɗin ne ke gangarawa su rama. A kan daɓen siminti mai santsi ba ka ma lura. A kan tsakuwa, ƙasa ko daɓe mai tsaga, taya takan cije, sai jak ya ja giyabos gefe alhali sandar giyabos ɗin tana cikin kuloci. In daɓen ba shi da kyau, shimfiɗa falanki mai kauri guda ɗaya da zai ɗauki duk tafiyar jak ɗin, ka share ƙananan duwatsu da notuna. Noti guda ya isa ya tsayar da tayar ƙarfe.

Tayoyin gaba na jak ba sa juyawa, gaba da baya kawai suke tafiya. Saboda haka a jera jak ɗin bisa layin da giyabos zai bi ya fita: a motar da ke ja da baya, ta tsawon mota, a mai inji a gicciye, ta gefe. Duba kuma sandar bugawa. A ƙarƙashin mota ba ta samun wurin hawa sama, don haka jak ɗin da yake ɗagawa ko da gajeren bugu, ko wanda sandarsa ke rabuwa biyu, ya fi dacewa.

Bawul mai saki lokaci guda

Gwada wannan kafin ranar aiki. Ɗora wa jak nauyi, buɗe bawul ɗin kaɗan-kaɗan. Jak mai kyau zai sauko kamar ana zuba zuma, ya tsaya inda ka rufe. Wanda ya ƙi motsi sannan ya faɗo gaba ɗaya bai dace da giyabos ba. Sai ka sake ɗagawa, ka auna tsayin, ka bar shi minti goma. In ya nitse, robobinsa sun gaji ko bawul ba ya rufuwa.

In yana yin laushi ko ba ya kaiwa ƙarshe, iska ce a ciki ko mai ya yi ƙasa. Buɗe bawul, buga sandar sau goma, cire murfin zuba mai iskar ta fita, cika da man jak har daidai bakin ramin, alhali jak yana kwance. Man birki yana cinye robobin, kada a zuba shi.

Inji ba shi da mai riƙe shi

A yawancin motoci, kujerar giyabos, wato abin da ke ɗaure shi da jikin mota, tana cikin abubuwan da ke ɗauke da injin kansa. Ka cire ta, inji ya sunkuya, ya ja bututun ruwa da wayoyi, wani lokaci ya daki bangon da ke bayansa. Jak ɗin giyabos ba zai yi aiki biyu ba. A mai inji a gicciye, sandar da ake gittawa a saman ɗakin inji a rataye shi ita ce ta fi, domin ba ta tare maka wuri a ƙasa. In babu, jak na biyu a ƙarƙashin kaskon mai, da faffaɗan katako a tsakani, a tallafa kawai ba a ɗaga ba. Cire baƙar wayar batir, wato ta nagetif, tun farko, domin wayar sitata tana da wuta kullum, kuma a juye man giya don rage nauyi da santsi.

Lokacin rabuwa da lokacin mayarwa

Ɗaga jak har ya karɓi nauyin kawai. Alamar ita ce ƙusoshin ƙarshe su fito da yatsa ba tare da cijewa ba. Tsakiyar nauyin giyabos ta fi kusa da bakinsa, musamman na otomatik, don haka farantin ya ɗan matsa gaba da tsakiya. Mai akwatin raba ƙarfi kuwa baya da gefe yake rinjaya, gara a cire akwatin daban in zai yiwu. Kaskon man otomatik siririn ƙarfe ne; in ya lotsa ciki zai iya toshe bakin matatar mai, don haka nauyin ya bazu kan katako har zuwa gefunan kaskon.

A giyar hannu, ja giyabos baya a miƙe har sandarsa ta fita daga kuloci gaba ɗaya kafin ka taɓa bawul. Barinsa ya rataya a kan sandar yana lanƙwasa tsakiyar faifan kuloci, daga baya giya ta riƙa ƙin shiga. A otomatik, kwance ƙusoshin kanbata, wato dunƙulen ƙarfen nan mai cike da mai da ke tsakanin inji da giyabos, daga faifan inji tukuna, tura ta baya ta bi giyabos. Kada bakin giyabos ya sunkuya ƙasa, domin kanbata zamewa take yi ta faɗo da nauyinta da manta. Ɗan ƙarfe ko sifana da aka ɗaure da ƙusa guda a bakin giyabos ya isa ya tare ta.

Wurin mayarwa ne farantin da ake karkatarwa gaba da gefe da noti yake biyan kuɗinsa, domin dole fuskar giyabos ta yi daidai da ta inji, ratar sama daidai da ta ƙasa. In ya rage santimita ɗaya ko biyu ya ƙi shiga, kada ka jawo shi da ƙusoshi. A giyar hannu, haƙoran sanda ne ba su haɗu da na kuloci ba: sa giya, juya mafitar giyabos ɗin kaɗan da hannu, ka tura. A otomatik, alama ce kanbata ba ta zauna har ƙarshe ba. Ja da baya, juya ta kana turawa har ta shige mataki-mataki ta zauna can cikin bakin, domin ɗaure ta a haka yana fasa famfon man giya tun kafin a tada mota.