Babi na 6: Injin Motar Gudu da na Motar Iyali, Yadda Ake Rarrabe Su

Darasi na 1: Ƙirga

Kamfanin Jaguar na Ingila ya ƙera inji mai suna XK, ya sa shi a motoci daban-daban. Biyu za mu duba: Mark 2 ta 1959, motar iyali mai ƙofa huɗu, da E-Type ta 1961, motar gudu mai kujera biyu. Kowacce akwai ta da inji mai lita 3.8, silinda shida a jere. Silinda ita ce ramin da fistin yake hawa da sauka a ciki.

Ku buɗe bonet, ku ƙirga fulogi. Shida ne. Yanzu ku ƙirga kafireto, wato abin da yake haɗa fetur da iska. Mark 2 tana da biyu, E-Type tana da uku, kuma sun fi faɗin baki. Injin da ya fi shaƙar iska da mai ya fi ƙarfi, shi ya sa kamfanin ya ce E-Type tana da ƙarfin doki 265, Mark 2 kuwa 220. Amma kada ku tsaya nan. Babbar motar iyali Mark X ita ma kafireto uku gare ta, kuma tsohon inji ya ratsa hannun makanikai da yawa, ƙila an canza masa kafireto. Lamba ce shaida.

Darasi na 2: Karanta lambar inji

Lambar tana jikin bulok, wato gangar jikin injin, sama da filtar baƙin mai. Ku jiƙa tsumma da kananzir, ku goge wurin sosai, ku haska tocila daga gefe don ramukan rubutun su fito.

Ku ɗora yatsa a hagu. Hagu, ba dama ba. Wanda ya yi karatun allo, idonsa ya saba farawa daga dama, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Amma boko daga hagu yake tashi.

Abin da yatsa ya fara taɓawa harafi ne. In R ne, injin E-Type ne. In L ne da wani harafi a bayansa, kamar LA ko LB, na Mark 2 ne. Ku faɗi harafin da ƙarfi, sannan ku rubuta shi a littafi.

Sai lambobi huɗu. Ɗaya bayan ɗaya, yatsa yana tafiya dama. Sai ɗan gajeren layi a kwance. Bayansa akwai lamba guda, yawanci 8 ko 9. Ita ke nuna yawan matsin da fistin yake yi wa iska da fetur. Mai 9 ya fi matsi, yana son fetur mai kyau, in bai samu ba sai ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa.

Mu sake. Yatsa a hagu. Harafi. Lambobi huɗu. Layi. Lambar ƙarshe. Sannu a hankali, babu mai korar ku. Ku lura da 9: kanta a sama yake, wutsiya a ƙasa. In kun leƙo ta daga ɗaya gefen motar, 6 za ku gani. Babu 6 a bayan layin nan, ku zagayo ku sake dubawa.

Mu sake kuma, daga hagu. Har yanzu ina ganin littattafan da aka fara rubutu da 9, aka ƙare da R. Haba jama'a! Magidanci da gemunsa, a ce sau nawa za a faɗa masa hagu? Wanda ya kai wa mai sayar da kayan gyara lamba a juye, kuɗinsa ya ƙona, ba na malami ba. Ku goge, ku sake rubutawa.

Darasi na 3: Jerin wuta

Duka injunan biyu jerin wutarsu, wato yadda fulogi suke ba silinda wuta bi da bi, ɗaya ne: 1-5-3-6-2-4. A injin XK, silinda ta 1 tana baya, kusa da gilashin gaba. Daga can ake fara ƙirga.

Darasi na 4: Fenti

Tof silinda, wato murfin da ke saman silinda, na E-Type yawanci ruwan zinare aka shafa masa, na Mark 2 shuɗi. Amma fenti yana gogewa, kada ku dogara da shi.

Aikin gida: ku kwafi R 2468-9 sau goma, daga hagu.