Kurakuran da ke kashe kayan gado a tsakar gida

A gidanmu akwai turmin da ya girme ni. Da shi aka kai kakata ɗaki, mahaifiyata ta yi surfe a cikinsa, yau kuma 'ya'yan ƙanwata ke daka yaji a ciki. Bokitan robar da aka saya aka zubar a tsawon shekarun nan kuwa, Allah kaɗai ya san yawansu. Amma na ga irin wannan turmi ya dare gida biyu cikin rani ɗaya a hannun wata maƙwabciyarmu. Kayan iyaye da kakanni ba kasafai tsufa ke kashe su ba. Mu ke kashe su da hannunmu, galibi garin tsafta ko garin gyara.

Randa ce ta fi shan wahala. Za ki ga amarya ta kalli jikin randa yana naso, ƙasanta ya jiƙe, sai ta ce ai yoyo take yi, ta sa a shafe ta da siminti ko a yi mata fenti don ta dace da ɗaki. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Nason nan shi ne aikin randa: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafin ruwan da ke ciki. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi a watan Afrilu da ake zafi mai bushewa, da damina kuwa sai ya yi lami. A kan wannan hikima ne Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Idan kin toshe ƙofofin, kin mai da randa bokiti mai nauyi kawai. Wadda aka yi wa fenti sai dai ta koma ta ruwan wanke-wanke. Sabuwar kuma a girke ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan yashi mai laima, kada a cusa ta lungun da ba taga.

Haka wanke ta da omo. Yumɓu na shan duk abin da aka zuba masa, kuma zai mayar miki da shi cikin ruwan sha har tsawon mako. Soso da ruwa zalla sun isa, a kwashe ruwan gindi duk bayan kwana biyu ko uku, lokaci-lokaci a kife ta a rana ta sha iska. A rufe bakinta da faifai, don sauro na yin ƙwai a ruwa mai tsabta ma. Moɗa kuma ta zama guda ɗaya, ta ɗiba kawai, ba wadda yaro zai kafa kai ya sha ya jefa ciki ba. Sannan randa sanyaya ruwa take yi, ba ta kashe ƙwayar cuta. In ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa, a tafasa tukuna.

Tukunyar ƙasa ta girki akasin randa ce, ita so ake ƙofofinta su toshe. Shi ya sa tsofaffi ba sa ɗora sabuwa a wuta kai tsaye, sai sun dafe ta da ƙasari ko ruwan dusa a wuta kaɗan-kaɗan. Kuma ba a zuba ruwan sanyi a tukunyar da ta yi zafi babu komai a ciki, nan take za ki ji ƙas. Tandar waina ma haka. Baƙin nan mai santsi da ke cikin gurabenta mai ne da ya gasu shekara da shekaru, shi ke hana waina kamawa. Wata ta zo ta sa soson ƙarfe ta kankare shi tas tana murna, washegari waina ta ƙi tashi ta ce ƙullun ne bai yi ba. Idan hakan ta faru, a shafe guraben da man gyaɗa, a ɗora a wuta har ya yi hayaƙi, a goge, a maimaita sau uku ko huɗu, a kuma haƙura da zubin farko.

Turmi kuwa, ko na ƙirya ne mai taurin gaske, abu biyu ke cin sa: ruwa ya kwana a cikinsa sannan rana ta buɗe a kansa, da kuma gara in an bar gindinsa a kan ƙasa tsawon damina. A wanke, a kwantar da shi a inuwa ya tsane, a ɗora shi kan dutse ko bulo. In ya fara tsagewa a kai wa maƙeri ya ɗaure shi da ƙarfe tun tsagar tana ƙarama. Masu shafa masa baƙin man inji don korar gara su daina, abin da za mu ci ake dakawa a ciki. Man kaɗanya ya wadatar.

Kwanukan samira da langa da iyayenmu suka yi jere da su, ƙarfe ne da aka lulluɓe da wani abu mai kama da gilashi. Yashi da soson ƙarfe na kashe ƙyallinsa, faɗuwa kuma na ɓantare shi, daga nan sai tsatsa. Wanda ya ɓantare ta ciki a mai da shi na ajiye busasshen abu. Tukunyar alminiyam ta maƙera ita ma tana da abin da ba ta so: tsami da kanwa. Zoɓo, ruwan tsamiya ko miyar tumatir su kwana a ciki, sai ki ga gindinta ya yi ƙananan ramuka. A juye a wani mazubi da an gama. In ta huje kuma, a tambayi mai liƙi da me zai liƙe ta, kada a yarda da dalmar tsohon batir. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba zai yi wasa da ita a tukunyar abinci ba.

Sai keken ɗinki baƙi, Singer ko Butterfly, wanda wasu ke ɗinki da shi tun zamanin iyayensu. Babban kuskure shi ne ɗiga masa man gyaɗa in man keke ya ƙare. Rana ɗaya zai yi laushi, bayan wata biyu man ya daskare ya zama ƙaro, keke ya cije. In an riga an yi, a wanke gaɓoɓin da kananzir, a juya shi babu zare har ya saki, a goge, sannan a sa man keke na ainihi. Kafin a tafi wurin mai gyara don yana tsallake ɗinki, a canza allura, a lura da inda gefenta mai faɗi ke kallo kafin a cire tsohuwar, a kuma buɗe ƙasa a share burbushin zaren da ya taru wajen ƙoshiya. Sau da yawa ciwon ke nan.

Ƙwarya ba ta son a jiƙa ta ta kwana, ba ta son a kife ta da laima, sai ta yi fumfuna ta ɓata fura. In ta tsage kada a ɗiga mata gam irin na takalmi. Gyartai sun yi ƙaranci a birni, amma ranar kasuwar ƙauye, kusa da inda Fulani ke sai da nono, har yanzu akan samu mai ɗinke ta.