Yadda na gyara matsalar Liquify da ke lanƙwasa min bango

Jiya wani hoton biki da na ɗauka a ƙauyenmu nan kusa da Ringim ya ba ni wahala sosai wallahi. Iska ta kumbura mayafin amarya ta gefe ɗaya, na shiga Liquify, wato kayan aikin da ake turawa da lanƙwasa sassan hoto da shi a Photoshop, don in ɗan tura mayafin ciki, amma duk ja ɗaya sai katangar zanan da ke bayanta ta karkace, har tabarmar ƙasa ma ta lanƙwashe, kuma hoton amarya ne, ba a kai wa dangi abu a haka.

Ashe ƙarfin dannawar burushin ne, Pressure yana kan 100. Na sauke shi zuwa 20, Density, wato yadda tasirin burushin ke kaiwa gefensa, na bar shi 50. Sai girman burushin, da ƙarami nake aiki shi ya sa gefen mayafin yake fitowa kamar haƙoran zarto, na ƙara shi da maɓallin ] har ya fi wurin faɗi, ina turawa kaɗan kaɗan.

Abin da ya fi taimaka min shi ne Freeze Mask, ka danna F ka shafe zanan da fuskarta, ja zai rufe su, ba sa motsi ko kaɗan. Inda na riga na ɓata kuma R na danna na goge, ya koma yadda yake.

Da yamma na tura wa yayan amarya ta WhatsApp, ya ce a wanko guda 5.